Yadda ake gano illar rashin makarɓin istirojin a jikin namijin ɓera

Namijin ɓeran da aka cire wa makarɓin istirojin na alfa (furotin ɗin da ke karɓar saƙon homon istirojin a cikin ƙwayoyin jiki) ba ya haihuwa. Tun 1993 ɗakin binciken Kenneth Korach a Amurka ya samar da irin wannan ɓera, a 1997 kuma Rex Hess da abokan aikinsa suka nuna inda matsalar take: siraran bututun da ke kwashe maniyyi daga maraina zuwa epididimis, murɗaɗɗen bututun da ke manne da maraina inda maniyyi ke taruwa. Aikinsu shi ne tsotse kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke fitowa daga maraina. In babu makarɓin, furotin NHE3 mai jan sodiyam yakan ragu, ruwa ya taru, ya koma baya ya kumbura maraina.

Da farko a daidaita shekaru, domin nan ne aka fi yin kuskure. Marainan kan yi nauyi fiye da kima tsakanin wata ɗaya da wata uku da haihuwa, sannan su motse wajen wata 6. Wanda ya auna rukuni ɗaya kawai zai iya samun akasin abin da wani ya samu. A kwatanta ɓeran da 'yan'uwansa na ciki ɗaya, a kuma ba su abincin da babu waken suya, don sinadaran waken na kwaikwayon istirojin.

A haɗa namiji da mata biyu lafiyayyu, a riƙa duba toshin barbara (daskararren abin da namiji ke bari a gaban mace bayan barbara) kowace safiya. Ciki kwana 19 zuwa 21 ne. Rashin toshin ba hujja ba ce a kan maniyyi, domin irin waɗannan mazan ba su cika kammala barbara ba.

Wajen fiɗa a yi hattara. Bututun suna lulluɓe cikin kitse, almakashi kan tsinke su ba a sani ba. A ciro maraina da kan epididimis a haɗe, a jiƙa a ruwan Bouin mai hana nama lalacewa, a yanka kaurin maikiron 5, a rina da PAS, rinin da ke fito da sassan nama a madubin likita. Za a ga ramin bututun ya buɗe sosai, ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangonsa sun gajarce.

Wutsiyar epididimis kuwa a tsaga ta cikin ruwan gwaji mai ɗumin digiri 37 na Salshiyos, a jira minti 10 zuwa 15, a ƙirga maniyyin. Ruwa mai sanyi na rage motsin maniyyi, sai a ɗora wa rashin makarɓin laifin da ba nasa ba.