Yadda Ake Shirya Gasar Wasa Ƙwaƙwalwa ta Lissafi a Makarantar Firamare

Za ka ga yaro ya haddace biyu sau biyu har zuwa sha biyu sau sha biyu, amma ka ce masa ga galan mai cin lita 5, ga mai cin lita 3, ya auno maka lita 4 daidai, sai ya yi tsuru-tsuru. Ba dakiki ba ne. Ba a taɓa ba shi tambayar da sai ya zauna ya yi tunani ba. Irin wannan tunani ake nema a gasar wasa ƙwaƙwalwa, kuma malami ɗaya mai himma zai iya shirya ta da allo da alli.

Da farko ka raba yaran gida biyu: 'yan aji 3 da 4 a gefe, 'yan aji 5 da 6 a gefe. Gasar lissafi ta Kangaroo, wadda aka fara a Faransa a 1991 bisa koyi da wata gasa ta Ostireliya, haka take kasa yara aji-aji. Ana yin ta ranar Alhamis ta uku ga watan Maris, galibi cikin minti 75, ƙanana su amsa tambaya 24, manya 30, ana farawa da masu maki 3, sai 4, sai 5. Wannan tsari na hawa daga sauƙi zuwa wuya shi za ka ɗauka. Amma a gasarka ta farko tambaya 10 sun isa.

Mataki na biyu shi ne zaɓen tambayoyi, kuma nan ne aikin yake. Tambaya mai kyau ita ce wadda yaro zai gane abin da ake nema nan take, amma hanyar ta ɓuya masa. Ka ɗauko su daga abin da ya sani. Ga mutum a bakin kogi da kura da akuya da damin harawa, kwalekwalensa ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya. In ya bar kura da akuya, an yi asara. In ya bar akuya da harawa, haka nan. Yawancin yara sukan tsallakar da akuya, daga nan su maƙale, domin ba ya zo musu a rai cewa ana iya dawowa da abin da aka riga aka tsallakar. Ranar da yaro ya gano cewa sai an dawo da akuyar, tsallakawa bakwai ke nan, ya koyi abin da ba ya cikin littafin aji.

Kada ka manta da hatimi. Ka zana gida tara, uku-uku, ka ce su zuba 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Mu nan muna da gado a wannan fanni: Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina irin waɗannan hatimai. Ka gaya wa yaran haka, za ka ga yadda suke gyara zama. Sannan ka tambaye su me ya sa 15, ba 14 ba. In aka tara 1 zuwa 9 an sami 45, a raba wa layi uku, kowanne 15. Me ya sa 9 ba za ta zauna a tsakiya ba? Domin duk inda aka sa 8, suna layi ɗaya da ita, sun riga sun kai 17. Da haka za su yi ta fitar da lambobi har 5 kaɗai ta rage.

Na uku, ka ba su mako huɗu na atisaye kafin ranar gasa, tambaya ɗaya ko biyu a kowane zama. A nan malamai da yawa suke ɓata abin, saboda tausayi: yaro ya yi shiru minti biyu, sai a faɗa masa amsa. Ka daure. Ka ba shi duwatsu ko murafan kwalba ya mayar da su kura da akuya, ya yi ta gwadawa. In ya kawo amsa, daidai ko kuskure, tambayarka ɗaya ce: "Ta yaya ka gane?" Kuma ka bar shi ya yi bayani da Hausa. Yaro da yawa ana ɗauka lissafi ne ya gagare shi, alhali Turancin tambayar ne bai fahimta ba. Saboda haka a ranar gasa ka karanta kowace tambaya da babbar murya cikin harsunan biyu.

Ranar kanta ba ta da wahala. A yi ta da safe kafin rana ta yi zafi, a ba su awa ɗaya, da fensir da takardar gwaji, ban da kalkuleta.

Wajen ba da maki ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Manyan gasa irin su Kangaroo suna ba yaro amsoshi biyar ya zaɓi ɗaya ne don dubban takardun da suke dubawa. Kai da ke da yara arba'in ba ka da wannan uzuri. Ka raba makin kowace tambaya biyu, rabi na amsa, rabi na bayani. Yarinyar da ta bi hanya mai kyau ta yi tuntuɓe a ƙarshe ta fi wanda ya yi canke ya dace.

Bayan an raba kyauta, ko da littafin rubutu ne da biro, kada a watse. Ka kira waɗanda suka warware masu wuya su hau allo su nuna wa 'yan'uwansu, musamman in hanyoyinsu sun bambanta. Tambayar galan ma hanya biyu gare ta: ko ka fara cika mai lita 5, ko mai lita 3. Yaran da ka ga suna dawowa da kansu suna neman ƙari, ka rubuta sunayensu, ka ci gaba da ba su masu wuya. In sun shiga sakandare, Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja tana shirya gasar Olimfiyad, ga kuma gasar Cowbellpedia da ake nunawa a talabijin, sai ka sanar da iyayensu da sabbin malamansu tun da wuri.