Yadda ake mayar da 'ya'yan karfasa maza zalla

Macen karfasa tana fara ƙwai tun tana 'yar mitsitsiya, ta ƙunshe shi a baki ta daina ci, kafin ka ankara tafki ya cika da ƙananan kifin da ko a kasuwar Sabon Gari ba mai taya su. Namiji shi ke yin nama. Shi ya sa ake sa wa 'ya'yan sinadarin 17-alpha methyltestosterone, wani sinadarin maza da ke juya su su zama maza, a abinci kafin jinsinsu ya tabbata. Tarwada ba ruwanta da wannan.

A fara da zarar gwaiduwar cikinsu ta shanye sun soma neman abinci, tsawonsu milimita 9 zuwa 11. Wanda ya haura 14 ya wuce gyara. A tace su da raga mai ido milimita 3.2, duk wanda ya maƙale a ware shi.

Awon shi ne miligiram 60 a kilo ɗaya na garin abinci mai furotin kashi 40 ko fiye, kuma sai da sikelin dijital, ba a kintace. Sinadarin ba ya narkewa a ruwa. A narkar da shi a rabin litar itanol (wato tataccen ruwan alkohol) mai ƙarfin kashi 95, a yayyafa a garin, a cuɗa sosai, a shanya a inuwa har warin ya tafi. Rana tana kashe ƙarfinsa, don haka a ƙulle a baƙar leda a sa a firji.

Kullum a ba su garin da ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinsu, a raba sau huɗu ko biyar, kwana 28 ba fashi.

Inda aka fi yin asara a Zariya shi ne hunturu. Daga Disamba zuwa Janairu ruwa kan yi sanyin da kifi ba ya ci sosai, sinadarin bai shige shi yadda ya kamata ba, sai mata su yi yawa. Ana son ruwa ya tsaya wajen digiri 28. In babu halin rufe tankin da leda, gara a jira Maris. Koren ruwa ma matsala ne, domin 'ya'yan kan ƙoshi da gansakuka su bar garin. Masu ƙara awo don "ya fi kamawa" kuwa, jikin kifin yana juya rarar zuwa sinadarin mata, aikin ya koma baya.

Mai haɗawa ya sa safar hannu da takunkumi, mai juna biyu kada ta taɓa. Ruwan tankin a zuba shi a rami, kada a sake shi kwatar da ke gangarawa rafin Kubanni.

In sun kai giram 30, a ɗebi ɗari a duba tsiron da ke bayan dubura: ƙofa ɗaya namiji, biyu mace. Aikin da ya yi kyau yana ba da maza 95 ko fiye.