Yadda za ka gane dabbar da ta shiga gonarka ta sawunta

Manoman fadamar Yawuri sun yi ta tambaya. Ga matakan:

1. Fita da sassafe, kafin shanu su tattake wurin.

2. Nemi laka ko damshin yashi a bakin ruwa.

3. Tsuguna ta yadda sawun zai kasance tsakaninka da rana, inuwa za ta fito da shi.

4. Ƙirga yatsu. Kofato tsagagge ƙarami, gada ce ko barewa. Mai kama da hannun yaro, biri ne. Ƙaton sawu mai yatsu 4, dorina ce.

5. Duba farata. Kura, dila da kare suna barin alamarsu, damisa kuwa ɓoye nata take yi.

Hattara: a nan ake ɗora wa kura laifin kare. Sawun kura na gaba ya fi na baya girma ƙwarai.

6. Duba kashi. Na kura fari yake zama idan ya bushe, saboda ƙasusuwan da take ci.

7. Ajiye kwalin ashana kusa da sawun don a ga girmansa, ka ɗauki hoto.

8. In na dorina ne ɗanye, koma gida ka sanar da mai unguwa. Kada ka kuskura ka shiga tsakaninta da kogi.