Yadda za ka hana ɗan wasanka ratsa bango a Godot

Wani ƙanena da muke shan shayi tare a fada nan Yamai ya ƙera gidan ƙasa a Blender, manhajar ƙera siffofin 3D, da zaure da rumbu irin na wajen Adar, ya shigo da shi cikin Godot, injin haɗa wasannin kwamfuta, yana kunna wasan sai ɗan mutumin nashi ya kutsa cikin katanga ya fito ta baya kamar aljani, can kuma ya zurma ƙarƙashin ƙasa ya ɓace. Ya rantse kwamfutar ce ta lalace. Ba ita ba ce. Fayil ɗin glb da ka fitar daga Blender siffa da launi kawai ya ɗauko, injin bai san wannan bango ne mai tare mutum ba sai ka gaya mai.

Gaya mai ɗin kuwa tun cikin Blender ake yi, da suna. Ka ƙara -col a ƙarshen sunan abin, misali gida-col, Godot na shigo da shi zai ɗaura mai StaticBody3D, wato jiki marar motsi, da siffar karo, wato siffar da ba a gani mai tare ɗan wasa, da ke bin kowane lungu na ginin. Wannan ya yi daidai ga abin da ba ya motsi, ƙasa, katanga, tudu. Amma kar ka ɗora irinta kan abin da zai gangara ko a tura shi, don cikinta holoƙo ne, fata ce kawai babu nama.

Akwai kuma -convcol, nan ne ƙanen nawa ya sake cin tuntuɓe. Ita wannan kamar ka ɗauki leda ne ka naɗe gidan gaba ɗaya ka ja ta da ƙarfi, duk wani rami ko ƙofa sai ta rufe. Ga ƙofar zaure a buɗe ido na gani, amma ɗan wasan ya zo ya toge yana ta tafiya wuri guda, mu kuma muna ta dariya har shayi ya kusa ƙonewa. Ka bar ta ga tulu, buhu, dutse, abin da ba a shiga cikinshi.

Ni abin da na fi so shi ne ka zauna ka yi siffar karon da hannunka. Kusa da gidan nan mai ado ka jera akwatuna talakawa, ɗaya kowane bango, biyu gefen ƙofa, ɗaya samanta, ka sa masu -colonly. Godot zai jefar da hotonsu ya riƙe karon kaɗai. Rumbu mai dubban kusurwoyi silinda guda ta ishe shi, kuma wayoyin da yawancinmu ke riƙe da su ba su da ƙarfin lissafa karo da kowane zanen jikin bango. Shi kanshi ɗan wasan CharacterBody3D, jikin da ake tuƙawa, da CapsuleShape3D, siffa mai kama da kafso, za ka ba shi, ba siffar jikinshi da yatsu da hula ba.

Kafin ka fitar, ka zaɓi komai ka danna Ctrl+A a Blender ka tabbatar da girma da juyi (Scale da Rotation), in ba haka ba sai ka ga karon can gefe hoton nan gefe. Haka fuskokin da suka juya baya, siffar -col ta gefe ɗaya take tarewa in ba ka kunna backface_collision ba, to ka shiga gyara (Edit Mode) a Blender ka danna Shift+N su dawo daidai.

Saura abu mai gudu. Godot sau 60 yake lissafin karo a daƙiƙa, kenan ƙwallon da ke cin mita 60 a daƙiƙa tsallen mita guda take yi kowane lissafi, bangonka kuma santimita 20 ne, za ta wuce ko sallama babu. Ka kunna continuous_cd, mai bin duk hanyar da ta ratsa, a RigidBody3D ɗinta, wato jikinta mai gangarawa, ko ka ƙara ma akwatin bangon kauri ta wajen da ba a gani, amma ka sa mai -convcolonly maimakon -colonly don kar cikinshi ya zama holoƙo.

Kuma don Allah ka riƙa kunna Visible Collision Shapes da ke ƙarƙashin Debug kafin ka zargi kowa, zai zana maka siffofin karon kan allo lokacin da wasan ke gudana. Da shi muka gano akwatin saman ƙofar zauren ya sauko har ƙirjin ɗan wasan, muka ɗaga shi, muka ajiye aikin da sauri kafin kuran ya tafi.