Yadda za ka bambanta purusha da prakriti ko kana cikin gosulo

Wani Ba'indiye da muke aiki tare a Ilupeju, Legas, ne ya fara yi min bayanin nan, tun daga ranar nake ta juya shi a raina. A falsafar Indiyawa akwai mazhabar Samkhya da ake jinginawa ga wani malami Kapila, ita ta kasa komai gida biyu, prakriti wato duk abin da ke motsi yana canzawa, da purusha wato sani zalla, shi kallo kawai yake, ba ya aikata komai. Ba wa'azi nake ba fa jama'a, fahimta ce kawai.

To ga yadda za ka gwada. Ka hau danfo za ka Mile 12, gosulo ya riƙe ku a Ketu, zufa na zuba, kwandasta na ta ihu a kan canji. Fara da mai sauƙi, bencin da kake kai, ƙarfen motar, bayanka da ke ciwo, duk prakriti ne, babu gardama. Sai ka leƙa cikinka, a nan mutane ke rikicewa. Haushin da kake ji, lissafin makarar da kake yi, har muryar nan mai cewa "ni za a raina wa wayo?", a wurinsu su ma prakriti ne. Hankali mai yanke hukunci suna kiransa buddhi, wannan "ni" ɗin ahamkara, mai tattaro abin da ido da kunne suka kawo kuma manas, prakriti da duk abin da ya fito daga gare ta 24 ne a lissafinsu, purusha ne na 25. Ma'aunin ɗaya ne, in dai kana iya ganin abu ya zo ya wuce, to ba shi ne mai kallon ba.

Daga nan ka duba wace guna, wato ɗabi'ar prakriti, ce ta fi ƙarfi a lokacin, uku ne, sattva natsuwa da haske, rajas zafin kai da kai-kawo, tamas kuma nauyi da kasala irin ta wanda ya danni teba da rana tsaka.

In ka tambaya to ya purusha da prakriti suke aiki tare, misalinsu shi ne gurgu a wuyan makaho, purusha na gani ba ƙafa, prakriti na tafiya ba ido. Ni wannan misalin ya fi zauna min, ko da yake gurgun yana nuna hanya, purusha kuwa ko wannan ba ya yi. Amma ka kula da wanda kake hira da shi, 'yan Samkhya sun ce kowa da purusha ɗinsa, mabiya wani malamin Indiya, Shankara, kuwa cewa suke ɗaya ne tak.