Ga masu komawa Tetris a waya

'Yan'uwa na Damagaram da suka buga Tetris, wasan jera tubala masu faɗowa, a 'yar na'urar nan mai batir da ake kira Brick Game, in kun sauke shi a waya ku sani ya ɗan canja. Wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984 siffofi bakwai ne, har yau haka suke, amma yanzu ana zubo su bakwai-bakwai, kowace sau ɗaya. Don haka doguwar sandar ba ta wuce tubali 12 ba ta dawo ba. A da sai ka yi ta jira har gini ya kai rufi!

Cikin layuka goma na tsaye, ku bar ɗaya a gefen dama fanko, sauran taran ku jera su daidai kamar magini, kada rami ya rufu. Sandar na zuwa ku zura ta, layi huɗu na kwance su tafi lokaci guda. In ta zo da wuri, akwai akwatin ajiya, ku adana ta.

Karkatattun nan biyu masu siffar S da Z su ne masu ɓata gini. Ku riƙa bar musu 'yar matakala tun kafin su fito. Inuwar da ke nuna masaukin tubali kuwa, ni dai kashe ta nake, tana lalata ido.