Yadda ake auna hasken na'urar gashin cutar kansa a Yamai ba tare da zafi da iska sun yaudare ka ba

In likita ya rubuta Gy 2 (Gy shi ne ma'aunin hasken gashi da jiki ya sha) a kowane zama, majinyaci ba ya da hanyar sanin ko 2 ɗin ya samu. Hasken ba ya da zafi a jiki, ido ba ya ganin sa, kuma illar ƙari ko ragi sai bayan makonni ko watanni take fitowa. Shi ya sa aka daɗe da tsayar da cewa abin da ya shiga jiki kada ya kauce wa abin da aka rubuta da fiye da kashi 5 cikin 100. Wannan kashi 5 na aikin duka ne, har da kwantar da majinyaci da lissafin kwamfuta, don haka rabon mai awon na'ura bai wuce kashi 2 ba. Tun 2021 da aka fara gashi a cibiyar yaƙi da cutar kansa ta ƙasa (CNLC) da ke Yamai, ƴan ƙasa masu koyon wannan aiki suna ƙaruwa, kuma su nake rubuta wa. Ba zan koya maka haɗa waya da elektirometa, na'urar karanta caji, ba. Na ɗauka ka karanta TRS-398, littafin ƙa'idojin awon haske na hukumar nukiliya ta duniya AIEA, kuma zan yi misali da na'urar da haskenta ke fitowa daga ƙwayar kobal.

Aikin yana farawa tun jiya da yamma. Cika akwatin ruwan awo, ka bar shi ya kwana a cikin ɗakin gashi, kilim a kunne, shambur (ma'aunin hasken da ake tsomawa a ruwa) da wayarta a ajiye kusa. Wanda ya ce maka awa ɗaya ta isa bai taɓa ɗibar ruwan pampo a watan Afirilu ba.

Da safe kunna elektirometa, sa mata boltej ɗin da ke rubuce a takardar shaidar shambur, ka ba ta aƙalla rabin awa. Kafin ta natsu, daidaita kan na'ura a sifili, buɗe fili santimita 10 sau 10, ka sa fuskar ruwa a tazarar da na'urarka take aiki da ita, santimita 80 ko 100. Da sandar awo ake tabbatar da tazara. Fitilar da ke haska lambobi a kan ruwa ban yarda da ita ba, domin ruwa yana karya hasken. Kawo tsakiyar shambur daidai fuskar ruwa, ka duƙa ka duba ta gefe har rabin da ke ciki da inuwarsa su haɗu su yi da'ira, sannan ka saukar da ita santimita 5. A wannan zurfi kuskuren milimita ɗaya yana cin fiye da rabin kashi ɗaya. Ka fara haska mata ƴan Gy da ba za ka rubuta ba, sannan ka rufe haske ka duba yoyon caji, wato karatun da ke fitowa ba tare da haske ba. In ya kai kashi 0.1 na karatunka, tsaya ka nemi dalili. A damina danshi ne yawanci, kuma maganinsa kwalbar silika mai rufi da kyau, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Shambur ɗin Farmer tana da ɗan kogo na santimita kubik 0.6 wanda yake buɗe ga iskar waje. Cajin da kake karantawa ya danganta da yawan iskar da ke cikin kogon. In zafi ya ƙaru ko matsin iska ya ragu, iskar ciki ta yi ƙaranci, karatu ya sauka, alhali hasken bai canza ba. Takardar shaida an yi ta ne a digiri 20 da matsin iska hPa 1013, sai ka gyara karatunka da lissafin da kowa ya haddace: 273.2 a tara da zafin ruwa, a raba da 293.2, a ninka da 1013 bisa matsin ɗakin. Ban taɓa ganin mai koyo ya kasa wannan lissafi ba. Lambobin da yake zubawa ciki su ne matsalar.

Na farko, matsin iska. Mai koyo zai zaro salula ya duba hasashen yanayi, ko ya ɗauko na filin jirgin saman Diori Hamani, ya ga 1010 ko kusa da haka, ya rubuta. Wannan lamba an riga an mayar da ita kamar a bakin teku kake, domin amfanin matuƙa jirgi da masu hasashe. Yamai kuwa tana sama da teku da mita 200 da ƴan kai, kuma kowane mita 100 yana rage kusan hPa 12. Matsin da ke cikin ɗakinka zai kasance wajen 985, ba 1010 ba. Bambancin ya haura kashi 2. Abin da ya sa wannan kuskure yake daɗewa shi ne ba ya rawa: kowane wata haka zai fito, teburin awonka ya yi kyau, kowa ya yaba. Sayi barometa taka, ka tabbata tana nuna matsin wurin da take, domin wasu ƙananan na'urorin kasuwa suna zuwa a saite kan na teku. Ka kai ta a gwada da ta masu kula da yanayi, ka ce musu matsin tasha kake so, wanda ba a mayar kan na teku ba. In ka ga 1000 ko sama da haka a Yamai, kada ka rubuta.

Na biyu, zafi. Zafin ruwa ake so, a kusa da shambur, ba na bangon ɗaki ba. Kowane digiri 3 kashi ɗaya ne. Ɗaki yana 22, ruwan da aka ɗebo da safen nan daga tankin da ya sha rana yana 30, mai koyo ya karanta na bango: kashi 2.7 ke nan. Kuma ruwan yana hucewa kana cikin awo, karatu yana ta hawa, sai a fara zargin elektirometa. Tsoma ma'aunin zafi a ruwa, ka rubuta a farko da ƙarshe. In wuta ta ɗauke cikin dare kilim ya tsaya, ɗage awon zuwa gobe.

Lura da cewa waɗannan biyun gefe ɗaya suke turawa. Dukansu suna sa ka ɗauka na'ura ta fi rauni bisa yadda take, sai a tsawaita lokacin gashi, majinyaci ya sha ƙari. Ka haɗa su, kashi 5 ɗin nan ya ƙare tun ba a kwantar da kowa ba. Ka kuma leƙa takardar shaidar da kyau: ɗakunan gwaji na Amurka da digiri 22 suke aiki, kuma wannan kaɗai kashi 0.7 ne. Lokacin hunturu iska tana bushewa ƙwarai. Muddin danshin ɗaki yana tsakanin kashi 20 da 80 babu gyara, amma ruwa yana ƙafewa, don haka sake duba fuskarsa kafin karatun ƙarshe.

Agogon na'ura ma sai an kula. Ƙwayar kobal tana ɗaukar ɗan lokaci tana fita da komawa, don haka gwada haskawa ɗaya mai tsawo da gajeru da yawa masu jimla ɗaya, ka fitar da bambancin. Sannan ka san ko agogonka daƙiƙa yake ƙirgawa ko kason minti. A 1996 a San Hose ta Kosta Rika, bayan sauya ƙwayar kobal, an ɗauki minti 0.3 a matsayin daƙiƙa 30 maimakon 18, kuma majinyata 115 suka sha hasken da ya wuce kima sosai.

Saura mai sauƙi ne. Ɗauki karatu uku ko biyar, juya boltej, rage shi don gyaran cajin da ya ɓace, ninka da lambar takardar shaida. Kobal tana raguwa da rabi a shekara 5.27, wato kusan kashi 1.1 a wata, don haka ka riga ka san amsar da ya kamata ka samu. In ka kauce da fiye da kashi 2, kada ka taɓa teburin lokacin gashi. Kira wani ya sake awon da shambur dabam da barometa dabam, kai kuma ka fita daga ɗakin.

Duk wannan kai ne kake duba kanka. Tun 1969 AIEA da hukumar lafiya ta duniya OMS suke aiko wa asibitoci ƙananan ma'aunai ta gidan waya, kyauta, yanzu na gilashi ne. Ka haska musu Gy 2 cikin ruwa, ka mayar da su ɗakin gwajin Seibersdorf a Ostiriya, su gaya maka ko kana cikin kashi 5. Da teburin da ake yi wa majinyata lissafi za ka fitar da lokacin haskawar, ba da wani sabon awo na musamman ba, kuma ka aika su cikin kwanakin da aka ba ka.